Harshen Yaya Talatu da Tsofaffin Kwalabe

Shekaranjiya aka ɗauke ruwa a unguwarmu, wuni ɗaya tal, wai ana gyaran bututu. 'Yata Sadiya ta danna waya, kafin azahar sai ga mai babur da galan huɗu har bakin ƙofa. Na ce mata, "Ku dai kun huta." Ta ce, "Umma, relax lah," ta shige ɗaki ta kunna na'urar sanyi. Ni kuwa na tsaya a kicin, miyar kuka na tafasa, ludayi a hannuna, azumi a bakina, ban san ko gishiri ya ji ba. A nan wani azumi ya faɗo mini a rai, na shekara goma sha bakwai ko sha takwas da suka wuce, wanda har yau in na tuna shi sai kunya ta kama ni, ni kaɗai a tsaye.

Lokacin muna hawa na tara a wani tsohon bene a unguwar Setapak, nan ƙasar Malay. Malam, mijina, ya zo karatun digiri na uku, sai kuɗin karatun da ake turo masa daga gida ya tsaya cak tun kafin Sha'aban, ba bayani. Na ce ba za mu zauna muna kallon juna ba. Na fara dafa abincin buɗa-baki ina sayar wa ɗalibai 'yan gida, tuwon shinkafa, masa, kunun gyaɗa, miyar kuka ko taushe. Mutum talatin a rana, wani lokaci su ɗara. Kowa ya zo da kularsa ya yi tapau, wato a zuba masa, ya tafi da shi gida.

Zafin ƙasar nan ba irin na gida ba ne. Na gida ƙona mutum yake ya bar shi a bushe, na nan kuwa turara mutum yake kamar dambu a madambaci. Kuma shekarar sai ruwan sama ya ƙi. Garin da kusan kullum da la'asar sai an yi tsawa an zubo, aka yi makonni ko ɗigo. Hayaƙin dajin da ake ƙonawa can ƙetaren teku ya zo ya zauna a kan gari, rana ta koma kamar garwashi a cikin toka, dogayen benayen tsakiyar birni da muke hangowa ta taga suka ɓace. In ka shanya kaya, ƙaurin gobara za ka kwaso. Daga nan aka fara rabon ruwa, kwana biyu famfo ya kawo, kwana biyu ya yi ta tari ba komai.

Ranar da babu, tanka ke zuwa. Direba na danna hon sai benen duka ya hargitse, Malay da Indiyawa da 'yan Sin da mu, kowa da bokiti. Lif kuwa ta fi mu gajiya, rabin kwanakin a mace take. Ni da Yaya Talatu sai mu naɗa gammo da tsohon zane, mu ɗora jarka a ka, mu hau hawa tara muna nishi, matan Malay na dafe ƙirji suna kallonmu. Ruwa ɗaya aiki uku yake yi mana, a wanke shinkafa da shi, a wanke kwanuka, sannan ya tafi banɗaki.

Yaya Talatu 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, ta girme ni da kamar shekara biyar. Raino ya kawo ta ƙasar nan tare da wasu mutane, suka koma gida ita ta tsaya, ta kama ɗaki a gidan da ke kallon namu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu suna wajen uwarta. Tun ranar da ta ji ni ina yi wa Sadiya faɗa da Hausa a baranda ta leƙo ta ce, "Wace ce wannan mai muryar gidanmu?" muka ƙulle. Shekara huɗu ba mu taɓa kwana da fushin juna ba.

Da sassafe tare muke hawa bas zuwa kasuwar Chow Kit, kafin rana ta buɗe. Ita ce mai ciniki, ni ce mai zaɓe. Mu sayo kabewa da alayyafo da kan kifi da ƙashin saniya, mu ratsa ta cikin ruwan ƙanƙarar masu kifi da ke bin ƙasa, mu dawo da leda a hannu biyu. Kuka da daddawa kuwa ɗalibai ke taho mana da su daga gida a ƙasan akwati, ina ɓoyonsu kamar zinariya. Ita ta tuƙa tuwo don ta fi ni ƙarfin dantse, ni in haɗa miya.

Amma babban aikinta a azumi shi ne ɗanɗano. Ita ce harshena. Malam ya sha gaya mini ba laifi in taɓa a bakin harshe in tofar, to amma harshen mai azumi da la'asar ɗaci kawai yake ji. Sadiya kuwa yarinya ce, ko ruwan wanki aka ba ta cewa za ta yi da daɗi. Saboda haka in miya ta kusa sauka sai in miƙa wa Yaya Talatu ludayi in ce, "Gishiri ya ji?" Ta kurɓa, ta ɗaga ido sama, ta ce "Ya yi," ko ta ce "Ƙara kaɗan." Ba ta taɓa kuskure ba. Ɗalibai suna yaba hannuna, ni kuwa na san rabin hannun nan a bakin wata yake.

Ana saura mako guda a kama azumi wata 'yar cocinsu ta samo mata aiki a gidan wani tsohon Bature mutumin Ostiriya, ana ce masa Anton, a kan tudun da ke bayan unguwar Brickfields. Matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai. Shara da girki, daga safe zuwa azahar, ta dawo ta same ni a kan tukunya. Na yi mata murna, Allah ya sani na yi.

Kwana na uku da kama azumi ta shigo tana dariya tun daga ƙofa.

"Maman Sadiya, yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Kin san tsohon nan yana da ɗaki guda na kwalabe? Ɗaki sukutum, da na'urar sanyi dare da rana. Farar giyar inabi ce ta ƙasarsu, a kwance suke jere kamar jarirai a asibiti. Wata ta girmi ɗana na fari."

Na share gumi da bakin zane na ce, "Kwalba a ɗakin sanyi, mutum a madambaci. Duniya ke nan."

"Tsaya ki ji. Ya buɗe ɗaya zai ba baƙinsa, ina wucewa da faranti na ce, Baba, wannan warin jiƙaƙƙen buhu take. Ya dube ni, ya kai hanci, sai ya ajiye kofin ya ce wa ya koya mini? Ashe toshiyar bakin kwalbar ce ta lalata ta. Na ce ba wanda ya koya mini, uwata burkutu take dafawa, tun ina goye nake sanin tukunyar da ta ɓaci."

Daga ranar tsoho ya mayar da ita abokiyar shawara. In ya buɗe kwalba sai ya zuba mata ɗan kaɗan a kofi mai dogon wuya, ta shinshina, ta kurɓa, ta juya a baki, ta tofar a wani kwano da ya tanada. Ta ce mini ba haɗiyewa take ba, aiki take. Ni ban ma tambaye ta ba. Na san zancen burkutun uwarta tun shekarar da muka haɗu, bai taɓa hana ni miƙa mata ludayi ba.

Abin da ya fara ci mini rai shi ne bakinta da ya buɗe. Tana tuƙa tuwo tana zuba.

"Akwai wadda suke ce wa Giruna. Tana sabuwa rawar kai gare ta, masoro za ki ji da ɗanyen ganye, ta wuce fit. Amma ki bar ta ta shekara ashirin a kwance, Maman Sadiya, sai ta yi jiki. Launinta ya koma na man gyaɗa. Ta zauna a harshe da nauyi kamar romon ƙashi. Ki ji zuma, ki ji gyaɗar da aka soya a yashi, can ƙarshe bayan kin ɗauka ta gama, masoron nan ya leƙo ya ce yana nan bai mutu ba."

"To," na ce. "Miƙo mini murfin can."

"Ita kuwa wadda suke ce wa Risilin in ta tsufa, warin kananzir take yi."

"Kananzir? Allah ya sawwaƙe. Shi ne ake yi wa ɗaki?"

"Ji mai zuba daddawa a miya! Wa ya taɓa shinshina daddawa ya ce turaren wuta ce? Ai a ƙarƙashin kananzir ɗin abin yake. Kamar busasshiyar kanya, da tsami siriri kamar zare, shi ke riƙe da ita. Tsoho ya ce a jikin dutse suke noma inabin, a gefen kogi, gona hawa-hawa. Na ce ai irin gonakinmu ne na kan dutse, abin da ya sha wuya kafin ya nuna ya fi zaƙi."

Wata rana ta zo da labarin gardamar da aka yi a teburin tsoho. Wani likita ɗan Sin ya ce tsofaffin giyar nan masu ƙarfi sun yi nauyi da zafin ƙasar nan, kamar mutum ya lulluɓa da bargo da tsakar rana, shi sabuwa yake so mai wanke maƙogwaro. Wata Ba'indiya ta ce tsofaffin burga ce kawai ta masu ɗakin sanyi. Sai tsoho ya kira Yaya Talatu daga kicin ya ce ta raba.

"Na ce musu mai ƙarfi ba ta shan tsaye ba ce, abinci take so mai maiƙo, a zauna mata. Kuma ba kowacce tsufa ke yi wa kyau ba. Wadda ba ta da tsami tun tana yarinya, in ta tsufa tsumma take zama. Mai tsamin ce ke zama dattijuwa, wadda in ta shigo ɗaki kowa ya gyara zama. Wallahi likitan nan sai da ya tafa mini."

Na miƙa mata ludayi. Ta kurɓa. "Ya yi," ta ce, ta koma kan likita.

Kalma biyu. Na tsaya ina kallon bayanta. Tun asuba nake tsaye, na hau hawa tara sau uku da jarka, na tace, na daka, na haɗa miyar nan da daddawar da ta ƙetare teku, ladana kalma biyu. Ruwan da wani ya matse ya manta da shi a kwalba kuwa yana da zuma, yana da kanya, har da dattaku. Ban taɓa sanin ana kishin abin da ba shi da rai ba sai shekarar. Ina kwance da rana a kan tayil don in ji sanyi, fanka na kaɗo mini hayaƙi, sai in riƙa ganin kwalaben nan a kwance cikin sanyinsu, ba sa ɗaukar jarka, tsufa ma ƙara musu daraja yake. Ni tsufa me zai ƙara mini in ba ciwon gwiwa ba?

Kuma ta kan yi wanka a can kafin ta taho, ta shigo tana ƙamshin sabulu, mu kuwa da kofi uku muke wanka. Kullum sai ta riƙo mini manyan gorunan ruwa biyu daga famfon gidan. Ina karɓa ina godiya, alherin nan na ƙara mini ƙunci, ban san dalili ba.

Na je wa Malam da zancen ta bayan gida. Na ce, "Malam, bakin da ya taɓa giya, in ya taɓa ludayi fa?"

Ya ɗago daga takardunsa. "Tana kuskure baki?"

"Tana yi. Har da buroshi take tafiya."

"To ina matsalar? Hajara, wannan ba tambayar malamai ba ce. Me ke damunki?"

Na ce ba komai, na tashi.

Ranar sha bakwai ga azumi, kwana na biyu ke nan famfo a bushe, tanka kuma ba ta zo ba. Jarka ɗaya ta rage mini, ita ma rabi. Yaya Talatu ta yi latti har bayan la'asar, ni kaɗai na tuƙa tuwon mutum talatin. Sai ga ta, fuska kamar an ba ta kujerar Makka.

"Yi haƙuri ƙanwata, tsoho ne ya riƙe ni. Yau ya buɗe kwalbar shekarar da ya yi aure. Bai kira kowa ba, ni da shi. Maman Sadiya, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Kin san ƙamshin rumbu in an buɗe shi bayan shekara? Ga man shanu, ga toka, ga wani zaƙi can nesa kamar ana kiran sunanki daga wata unguwa. Na faɗa masa haka, ya ɗauko littafinsa ya rubuta. Maganata, da sunana a ƙasa!"

Tana magana ta zari ludayi da kanta, ta kurɓi miya, ta ce "Ya yi," ko kallon tukunyar ba ta yi ba.

Na karɓe ludayin daga hannunta. Ban ɗaga murya ba, ni ba mai ɗaga murya ba ce, da ma na ɗaga da ya fi sauƙi. Na jawo jarkar nan na tsiyaya ruwa a kan ludayin, na girgiza, na zubar. Na sake. A na uku ta katse labarinta. Ban tsaya ba. Ruwan da muka hau hawa tara da shi a ka, ina zubar da shi a rariya a gabanta, har na cika bakwai.

"Bakwai," ta ce a hankali. "Cikin Musulmi na girma, Maman Sadiya. Na san abin da ake wanke wa kwano sau bakwai in ya sa baki."

Ta ajiye gorunan ruwa biyu a kan tebur, ta fita. Ba ta ma buga ƙofa ba, jawo ta ta yi a hankali.

Kwanakin da suka biyo baya su ne azumin gaske. Ni kaɗai a bas ɗin Chow Kit, masu kifi suna tambayata ina yayata. Ni kaɗai a matakala, in huta a hawa na huɗu, in huta a na bakwai, ba mai sauke mini. Wata Bamalaya a layin tanka ta nuna kaina ta nuna gefena, ta buɗe hannu, wato ina ɗayar? Na yi kamar ban gane ba.

Miya kuwa ta zama caca. Ranar farko lami, ta biyu dama-dama. Rana ta huɗu zafi ya juya mini kai na zuba gishiri sau biyu a taushen mutum talatin. Washegari da suka zo da kuloli ba su raga mini ba.

"Mama, jiya teku kika dafa mana?"

"Mama, abeg, wetin we do you? Na sha ruwa har sahur, ga shi ana rabon ruwa!"

Wani mai hankali a cikinsu ya ce, "Ina Anti Talatu ne? Kwana biyu ba ma jin dariyarta." Na ce tana aiki. Malam kuwa sai ya ci tuwonsa da ruwan shayi, wanda ya fi faɗa ciwo.

Kullum ina kasa kunne in ji motsin ƙofarta. Na ce gobe zan ƙwanƙwasa, goben ta zo in ce jibi. Ranar da na daure na ƙwanƙwasa, matar da suke haya tare ce ta buɗe. Ta ce ai Talatu ta kwashe kayanta tun shekaranjiya, ta koma gidan aiki. Tsoho ya daɗe yana roƙonta ta karɓi ɗakin baya ta zauna gaba ɗaya, tana ƙi, tana cewa tana da ƙanwa mai azumi da ba za ta bari ita kaɗai a kan tukunya ba.

Na roƙi matar ta rubuta mini adireshin. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya har na haddace.

Ranar ashirin da shida na sallami ɗalibai da wuri, na zuba tuwo da miyar kuka a ƙaramar kula, na ce wa Malam zan fita. Bai tambaye ni ina ba, ya ce, "Allah ya sa ta saurare ki." Ina cikin bas gari ya yi baƙi, ba baƙin hayaƙi ba, na hadari. Kafin mu kai Brickfields aka tsage da tsawa, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka fito daga shaguna suna miƙa hannu, masu saƙa furanni a bakin titi suna ihu suna janye kaya. Ƙamshin ƙasa ya tashi, kwalta na tururi. Na sauka na hau tudun nan a ƙafa, hijabina ya manne a jiki, kula a ƙirji.

Ta ƙofar baya na shiga. Yaya Talatu na yanka albasa, ta ɗago ta gan ni ina ɗiga. Ba ta yi murmushi ba. Ta miƙo mini tawul ta nuna kujera, ta ci gaba da yankanta.

Ina zaune sai ga tsohon ya leƙo. Na so ƙwarai in same shi mai girman kai, in samu abin riƙewa. Sai na ga ɗan siririn dattijo da gajeren wando, ya gaishe ni da sunkuyar da kai. Yana riƙe da kofi mai dogon wuya, abin ciki rawaya kamar man gyaɗa, yadda ta faɗa. Ya miƙa mata. Ta goge hannu ta shinshina, ta faɗi wani abu da Turanci. Bai tafi ba. Ya karkata kai ya sake tambaya, ya jira. Ta tsaya tana tunani, bai gaggauta ta ba. Ta ƙara faɗin wani abu, ya ce me kuma? Sai da ta juye duk abin da ke bakinta sannan ya gyaɗa kai ya koma.

Ina kallonsu abin ya sauko mini. Shekara huɗu tambaya ɗaya nake yi mata, gishiri ya ji? Abin da na tambaya shi take ba ni. Ban taɓa cewa me kuma ba.

"Yaya," na ce, "na zo ne..."

"Kin zo ki ga ko a kwano ɗaya muke ci da karen gidan? Ba su da kare."

"Yaya, ba addini ba ne ya sa ni. Na tambayi Malam tun kafin ranar, ya ce ba komai. Na sani sarai na yi. Kishi ne."

Ta ajiye wuƙa. "Kishin wa? Tsohon da ba ya iya ɗaure takalminsa?"

"Kwalaben."

Ta dube ni kamar ba ta ji ba. Sai dariya ta ƙwace mata, guda ɗaya, ta haɗiye ta. "Kwalba, Hajara? Da girmanki, da 'yarki, da mijinki mai digiri?" Ta juya baya tana goge ido, ta ce albasa ce.

Can ƙasan tudu aka kira magariba, muryar na zuwa tana yankewa cikin ruwan sama. Ta buɗe kabad ta ɗauko gorar ruwa sabuwa da kofin takarda, ta dire a gabana.

"Ga shi. Ba a fasa ba, ki duba bakin. Kofin ma ba wanda ya taɓa kai shi baki."

A gefen allon yankan albasa akwai kofin robarta, shuɗi, ta sha rabi ta ajiye, har da alamar leɓenta a baki. Na ture na takardar, na miƙa hannu na ɗauki nata, na yi bismilla na shanye.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta jawo kujera ta zauna, ta buɗe kular, ta wanke hannu ta gutsuri tuwo. Na bari ta haɗiye loma uku.

"Yaya kika ji ta?"

"Gishiri ya..."

"Ba shi na tambaya ba."

Ta sake kai loma, ta riƙe a baki. "Tsoro gare ki a hannu," ta ce. "Tun da na san ki. Kina sauke miya daddawa ba ta gama magana ba, don kada gas ya ƙare. Ga daɗi ya taho, sai ki tare shi a ƙofa."

Ya yi mini zafi, amma na ce, "Me kuma?"

Ta yi ta faɗa har tuwon ya huce, abin da ta shekara huɗu tana ji a bakinta ba wanda ya nema. Da ta gama na ce, "To ki dawo. Ɗakinki ba a ba kowa ba tukuna."

Ta girgiza kai. "Na riga na ba tsoho alkawari, ƙanwata. Ranar da na shigo da akwatina kuka ya yi. Ba zan yi masa abin da aka yi mini ba." Ta rufe kular ta miƙo mini. "Lahadi bayan coci zan riƙa zuwa. Ki ajiye mini ludayi."

Ta cika alkawari, ba ta taɓa fashin Lahadi ba har shekara biyu, lokacin da jikin tsoho ya ƙi, 'yarsa ta zo ta mayar da shi ƙasarsu, suka tafi da Yaya Talatu don ba ya cin abincin kowa sai nata. Lahadi ta zama tawa. Sauran kwana shida na tsoho ne da kwalabensa, kuma ni na miƙa musu da hannuna.